Ƙaramar Taraktar Lambu Mai Aiki da Batir: Yadda Ake Gyara ta Kwance da Kula da Ita

Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara koya wa manoman Arewa ɗaura wa shanu garma, ƙarfin da ake noma da shi a ƙasar Hausa bai wuce iri uku ba, wato ƙarfin damtse da na shanun huɗa da kuma na inji mai shan mai. A yankin Birnin Gwari, inda ƙasa ke ba da masara da dawa da shinkafa da waken soya, biyu daga cikin ukun nan sun gamu da cikas a 'yan shekarun da suka gabata. Satar shanu ta raba manoma da yawa da bijiman aikinsu. A shekarar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro, Birnin Gwari na cikinsu. A ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma aka janye tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Bayan sulhun da aka ƙulla a watan Nuwamba na 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, manomin da ya koma gonarsa a wuri irin Tabanni, ɗaya daga cikin mazaɓun gabashin ƙaramar hukumar, tambayar farko da ke gabansa ita ce da wane ƙarfi zai yi aikin.

Wannan tambaya ce ta sa ya dace a san wani abu game da ƙaramar tarakta mai aiki da batir. Sabuwarta ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi, saboda haka wadda ake sa ran ta faɗo hannunsa, ko ta shiga lambun wata makaranta, ita ce ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira kwance ko tokumbo. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, a irin wannan na'ura ƙarfe da moto sukan yi shekaru masu yawa, batir ne ke mutuwa. Kusan dukkan riba ko hasarar mai ita tana rataye ne a kan yadda ya bi da batir ɗin.

Asalinta da Siffarta

Tarakta, ko tantan kamar yadda mutanen da suke cewa, an fi saninta da girma da ƙara da hayaƙi. Ta lambu kuwa ƙarama ce, tsawonta bai kai na keke-napep ba, mutum ɗaya ke hawa. Fitacciya a cikin masu aiki da batir ita ce Elec-Trak, wadda kamfanin General Electric ya ƙera a garin Scotia na Jihar New York ta Amurka tsakanin 1969 da 1975, kafin kamfanin Wheel Horse ya karɓi ƙirar. An yi ta ne domin masu gidaje su yanke ciyawar farfajiya, su kwashe ƙanƙara a hunturu, su kuma kafce ɗan lambu. Manyan samfuranta, irin su E12 da E15 da E20, suna ɗauke da batura shida masu bolt 6 kowanne, nauyin taraktar haɗe da baturanta ya doshi kilo 400. Har yanzu akwai waɗanda ke aiki a hannun jama'a bayan shekara hamsin, kuma wannan shi ne babbar shaidar cewa moton lantarki ba ya saurin tsufa. Ba shi da fulogi, ba shi da kafireto, ba a juye masa baƙin mai, kuma sassan da ke motsi a cikinsa 'yan kaɗan ne.

Sai dai kada lambobin da ke jikinta su ruɗi mai saye. Lambar 15 ko 20 kwatance ne da taraktar fetur mai irin wannan girma. Ƙarfin da moton zai iya bayarwa ba hutawa bai wuce doki ɗaya zuwa biyu ba, wato kusa da abin da bijimai biyu lafiyayyu ke bayarwa. Ke nan wanda ya saye ta da nufin huɗe gona mai eka goma a jigawa ya yi zaɓen tumun dare. Wurin da take da amfani shi ne lambun fadama da filin makaranta, da jan amalanken taki ko na amfanin gona daga bakin gona zuwa gida.

Tunanin raba abin hawa da fetur ba baƙo ba ne a Arewa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu moto da batir. A kasuwar Panteka ta Kaduna kuma akwai masu walda da maƙera da 'yan rewaya waɗanda aikinsu ke nan tayar da na'urar da aka fitar da rai da ita. Hannun da zai yi gyaran yana nan, abin da ake buƙata shi ne a haɗa shi da ɗan lissafi.

Lissafin da Ba Makawa Sai an Sani

Ana iya kwatanta wutar lantarki da ruwan da ke bin bututu. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya ita ce yawan ruwan da ke wucewa, idan aka ninka ɗaya da ɗaya sai a sami wat, wato yawan aikin da ake yi. Batura shida masu bolt 6, idan aka jera su kan wannan na haɗe da wutsiyar wancan, suna ba da bolt 36. Batir irin Trojan T-105, wanda aka saba sa wa irin waɗannan na'urori, yana ɗaukar amfiya-awa 225, nauyinsa kuma kimanin kilo 28 ne. Idan aka ninka 36 da 225 za a sami wat-awa 8,100, wato kilowat-awa takwas da 'yan kai.

A takarda ke nan. A aikace ba a so a sha fiye da rabin abin da ke cikin batirin dalma, domin duk lokacin da aka tatse shi ƙarƙaf ana rage masa kwana. Saura kilowat-awa huɗu. Idan aikin kaftu yana jan amfiya 40, wato wat 1,440, lissafi zai nuna awa uku ba kaɗan. Amma akwai wata ɗabi'a ta batirin dalma wadda Bajamushe Wilhelm Peukert ya bayyana a 1897: iyakar saurin da aka ja wuta daga cikinsa, iyakar ƙarancin abin da zai bayar gaba ɗaya. Saboda haka mai hankali zai tsara aikinsa a kan awa biyu a rana na aiki mai nauyi, ko fiye da haka idan jan amalanke ne a hanya mai kyau.

Kafin a Biya Kuɗi

Mai saye ya ƙaddara cewa baturan da ya tarar a jikin taraktar kwance matattu ne, ya yi ciniki a kan haka, ko da dillali ya rantse. Abin da zai duba da idonsa shi ne akwatin batir, domin ruwan batir da ya daɗe yana zuba yakan cinye ƙarfen ƙasa har ya huje. Sai ya juya moto da hannu ya saurari ko boris na ƙara, ya sansana ko akwai ƙaurin koyil da ya ƙone, ya duba giya ko tana shiga ko tana ɗigar mai. Fenti da kujera da fitila ba abin damuwa ba ne. Moto da giya su ne idan suka lalace samun madadinsu ke da wuya.

Batir

Batirin dalma tsohuwar ƙira ce, Bafaranshe Gaston Planté ya ƙago shi tun 1859. A cikinsa akwai faranta na dalma tsome a cikin ruwa mai asid. Idan ana jan wuta, asid ɗin yakan haɗu da dalmar ya bar wani farin gishiri a jikin farantan, idan aka yi caji kuma gishirin ya narke ya koma ruwa. Muddin ana mayar da caji da wuri, wannan kai-komo zai ci gaba sau ɗaruruwa. Idan kuwa aka bar batir ba caji na kwanaki ko makonni, gishirin sai ya daskare ya ƙi narkewa, wurin da ya rufe kuma ya tashi daga aiki har abada. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe batura, kuma sakaci ne ke kawo ta. Dokar farko ke nan: ranar da aka yi aiki, ranar ake caji, ba a cewa sai gobe.

Kuskure na biyu da aka fi yi shi ne sayen batirin mota saboda araha. Batirin mota an yi shi da faranta sirara masu yawa, domin ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji, daga nan injin ya mayar masa. Idan aka sa shi jan tarakta awa biyu kullum, ba zai ga ƙarshen damina ba. Wanda ya dace shi ne mai faranta masu kauri, wanda aka yi domin a riƙa shan sa a hankali ana mayarwa. Baturan inbata masu bolt 12 da amfiya-awa 200, waɗanda suka cika kasuwannin Kaduna da Zariya da Kano, suna cikin wannan rukuni, kuma guda uku a jere suna ba da bolt 36. Sai dai an ƙera su ne domin su zauna a kusurwar ɗaki, dogaye ne, kowanne ya doshi kilo 60, ba su kuma son girgiza. Wanda zai yi amfani da su sai ya sa an sake masa akwati mai ƙarfi, ya shimfiɗa roba a ƙasa, ya ɗaure su tam, ya kuma kauce wa gangara mai karkata.

Ba a gwama sabon batir da tsoho a jeri ɗaya. Wutar da ke ratsa su guda ce, saboda haka mafi rauni shi ke fara ƙarewa, sauran kuma su ci gaba da matsa masa har ya lalace, ya kuma jawo cajin sauran ya rikice. Haka nan akwai wata al'ada da ke da jan rai a ƙauye, wato a maƙala waya a jikin batir ɗaya ko biyu daga cikin jerin a sami bolt 12 domin cajin wayoyin hannu ko kunna fitila da dare. Yin haka yana tatse waɗannan ya bar sauran a cike, bayan 'yan watanni jerin duka ya karkace. Idan ana son bolt 12, akwai ɗan akwatin da ke karɓar 36 daga jerin gaba ɗaya ya rage shi, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya bisa goma na kuɗin batir guda ba.

Sai batun ruwa. Yayin caji wani ɓangare na ruwan batir yakan tashi ya zama iska, asid ɗin kuwa yana nan bai tafi ko'ina ba. Don haka abin da ake ƙarawa ruwa ne zalla, ba asid ba. Masu ƙara asid da sunan ƙarfafa batir suna ƙona farantansa ne kawai. Ruwan kuma dole ya zama wanda aka tafasa aka tara tururinsa, irin wanda masu sayar da batir ke sayarwa a gora. Ruwan rijiya da na rafi da na burtsatse, har ma da na leda da ake sha, duk suna ɗauke da ƙarfe da gishiri waɗanda ke gurɓata batir, ko da kuwa a ido sun yi garau. Akan duba ruwan duk bayan mako biyu a lokacin zafi. Idan farantan sun fito fili, a zuba abin da zai rufe su kawai kafin caji, a cika sauran bayan an gama, domin ruwan yakan kumbura lokacin caji ya yi ambaliya idan an cika shi tun farko.

Zafi ma abokin gaba ne. Kamfanonin batir suna auna kwanansa ne a ma'aunin zafi 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri goma a kan haka yana rage kwanan da rabi. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a yammacin Jihar Kaduna yakan wuce 35. Ba a iya sauya yanayi, amma ana iya ajiye tarakta a ƙarƙashin rumfar zana ko inuwar mangwaro maimakon ɗakin kwano a rufe, wanda da tsakar rana ba shi da maraba da tanda.

Yadda ake sanin lafiyar batir ba da duba ko ƙwanƙwasawa ba ne, da awo ne. Ƙaramar mita ta 'yan rewaya ta isa. Bayan batir ya huta wasu awoyi, jerin da ya cika zai nuna bolt 38 da ɗoriya kaɗan, wanda ya rage rabi kuma zai nuna 36 da ɗan kai. Abin lura a nan shi ne, ganin 36 a kan mita ba alamar cika ba ce, alama ce ta lokacin komawa gida ya yi. Yana da kyau kuma a riƙa auna kowane batir shi kaɗai sau ɗaya a wata ana rubutawa a littafi. Wanda ya fara ja da baya daga 'yan'uwansa zai bayyana a littafin tun kafin ya tsayar da aiki a tsakiyar gona. A makaranta, wannan littafi aiki ne da ɗalibai za su iya riƙewa, su koyi awo da lissafi a kan abin da suke gani da idonsu.

A ƙarshen wannan sashe ya wajaba a ambaci haɗari. Iskar da ke fita daga batir lokacin caji haidirojin ce, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki. Ba a caji a rufaffen wuri, ba a kusantar wurin da sigari ko aci-balbal ko garwashi. Sifanar da ta faɗa tsakanin kawunan batir biyu tana iya yin ja ta narke nan take, saboda haka akan naɗe hannunta da roba, mai gyara kuma ya cire zobe da agogo. Idan asid ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, sannan a nufi asibiti idan ido ne. Farin ƙura-ƙuran da ke taruwa a kawunan batir kuwa, ruwan kanwa yana wanke shi, domin kanwa tana kashe kaifin asid. A dai tabbata murafen suna rufe, kada ɗigo ɗaya ya shiga ciki, sannan a goge a shafa ɗan giris.

Caji

Taraktar da aka ƙera domin Amurka tana zuwa da cajar da ke karɓar bolt 120 mai bugu 60 a daƙiƙa, alhali wutar Nijeriya bolt 230 ce mai bugu 50. Wanda ya soka ta kai tsaye a soket ya ƙone ta. Ko an sa mata na'urar rage wuta, tsohuwar cajar Elec-Trak an daidaita ta ne a kan bugu 60, ba za ta yi caji yadda ya kamata ba. Abin da ya fi shi ne a cire ta gaba ɗaya, a nemi caja ta zamani mai bolt 36 wadda ke tsayawa da kanta idan batir ya cika.

A ƙauyen da wutar NEPA ba ta kai ba, ko ta kai amma ba ta zama, hasken rana ne mafita, domin wanda zai tayar da janareta ya yi caji ya koma gidan jiya. Faranta uku na sola masu wat 400 kowanne suna ba da wat 1,200. Idan aka sami kimanin awa biyar na rana mai ƙarfi, aka cire abin da ke salwanta a waya da zafi, za a tsira da kusan kilowat-awa huɗu, daidai abin da aka kashe. Tsakanin farantan da batir dole a sa na'urar daidaita caji wadda ta san jerin bolt 36, domin da yawa daga cikin na kasuwa 12 da 24 da 48 kaɗai suka sani. A watan Agusta hadari yakan rage abin da ake samu, a hunturu kuma ƙurar da ke kwanciya a kan gilashi, wadda maganinta tsumma ne da ruwa kowace safiya.

Wata matsala ita ce lokacin aiki da lokacin caji duk rana ce. Amma tsarin manomi ya riga ya warware ta: a fita da sanyin safiya, a dawo da hantsi, a bar na'ura ta sha rana har la'asar. Idan aikin shekara ya ƙare za a ajiye ta, a cika batir, a cire babbar waya, a kuma riƙa sake caji duk wata, domin batirin dalma yana zubar da wutarsa da kansa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi na ƙara masa sauri.

Sauye-sauyen da Suka Dace da Waɗanda Ba Su Dace Ba

Na'urar da aka yi domin shimfiɗaɗɗiyar ciyawa sai an taɓa ta kafin ta shiga ƙasar da ake yi wa kunya. Abu na farko shi ne a kwance injin yankan ciyawa da ke gabanta ko ƙarƙashinta. Kada a yar da shi, domin ƙananan motocin da ke jikinsa suna iya juya famfon ban-ruwa ko dutsen wasa wuƙa. Tayoyin baya masu laushin zane a musanya su da masu manyan haƙora, waɗanda ke kama ƙasa mai danshi. Sai mai walda ya yi mata maɗauri a baya. A nan akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita: maɗaurin ya kasance ƙasa da tsakiyar tayoyin baya. Idan aka ɗaura kaya a sama da nan, garma ta sarƙe da kututture, gaban taraktar zai ɗaga ta kife a kan mai tuƙi cikin ƙiftawar ido. Garmar shanu ta ƙarfe wadda maƙeran gida suka saba gyarawa tana iya zama a bayanta idan an rage mata faɗi, amma cikinta a ƙasa yake, ba za ta haye manyan kunyoyin masara ba. Ta fi dacewa da fangalin albasa da tumatir da barkono.

Tsofaffin samfura suna rage gudu ne ta hanyar bi da wuta ta cikin wasu wayoyi masu ƙona ta ta zama zafi, wato ana zubar da wani kaso na cajin a banza duk lokacin da ake tafiya a hankali. Kwantirola ta zamani tana yanka wutar ne gunduwa-gunduwa sau dubbai a daƙiƙa, ba ta ɓarnar komai sai kaɗan, tana kuma sa tashi ya yi laushi. Wannan sauyi ne mai kyau, da sharaɗin a san irin moton, domin wanda ke da maganaɗisu na dindindin da wanda maganaɗisunsa koyil ne ba kwantirola ɗaya suke ci ba.

Sauyin da ya fi kowanne tsada shi ne komawa batirin litiyam, musamman irin da ake kira LiFePO4, wanda ya fi sauran jure zafi da wuyar kamawa da wuta. Ƙwayoyi 12 masu bolt 3.2 a jere suna ba da 38.4. Ba a ƙara masa ruwa, ana iya shan kusan kashi 80 cikin 100 na cikinsa, yana kuma jure caji sau dubbai a inda na dalma ke jure ɗaruruwa. Amma yana da nasa sharuɗɗan. Dole a haɗa shi da allon tsaro mai lura da kowace ƙwaya, allon kuma ya zama mai iya ɗaukar wutar da moto ke fizga lokacin tashi, wadda takan ninka ta tafiya sau da yawa, in ba haka ba zai riƙa yankewa duk sanda garma ta nutse. Dole a sauya caja. Sannan akwai abin da ba a cika tunawa da shi ba: nauyinsa bai wuce sulusin na dalma ba, alhali nauyi ne ke sa taya ta kama ƙasa. Wanda ya sauke kilo ɗari daga jikin tarakta sai ya mayar da shi da ƙarfe ko buhun yashi, in ba haka ba tayoyin za su yi ta juyi a wuri ɗaya. Ƙwayoyin da aka ɓamɓaro daga tsofaffin kwamfutoci aka haɗa da dalma a kasuwa kuwa, bai kamata a zauna a kansu ba ko da kyauta aka bayar.

Akwai masu sha'awar ƙara batir a kai bolt 48 domin a sami gudu. Gudun zai ƙaru da kusan sulusi, amma makunnai da ƙananan koyil da aka yi domin 36 za su riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, birkin da aka yi domin tafiyar ƙasaita kuma ba zai riƙe ba. Aikin lambu ja yake so, ba tsere ba.

Waya da Moto

Saboda bolt ɗin kaɗan ne, amfiyar tana da yawa. Aikin wat 1,800 wanda a wutar gida bai wuce amfiya 8 ba, a nan amfiya 50 ne. Zafin da waya ke yi kuma yana ninkuwa sau huɗu idan amfiya ta ninka sau biyu. Don haka wayar gida ba ta da wuri tsakanin batir da moto, sai mai kauri irin ta injin walda, ta jan ƙarfe zalla, da kawuna da aka matse sosai. Bayan an yi aiki, a kashe na'ura a taɓa mahaɗan da bayan hannu: wanda ya fi sauran zafi ya saki ko ya yi tsatsa. Fis idan ya ƙone akwai dalili, a nemo dalilin, kada a ɗaure gurbinsa da waya ko takardar sigari. Makunnin bango na gida ma bai dace ba, domin wutar batir ba ta yankewa da sauƙi, takan ja tartsatsi ta narkar da shi.

Moton kansa abu biyu yake nema. Na farko burushi, wato 'yan guntayen kabon masu kama da gawayi da ke gogar zoben jan ƙarfe na jikin amecha, waɗanda ke cinyewa a hankali. A duba su sau ɗaya a shekara, a sauya kafin su ƙare su karce zoben. Na biyu tsabta. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna toshe kafofin iska, a hure su da famfon taya. Ba a tsallaka rafi ko kududdufin da zai kai ga moto, ba a kuma wanke shi da bokiti.

Batirin da Ya Mutu

Ko an kula da shi yadda ya kamata, batirin dalma zai ƙare bayan 'yan shekaru, kuma fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Mutanen wannan yanki sun san abin da dalma ke yi. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a 2015 kuma ta kashe 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda ke maƙwabtaka da Birnin Gwari. A can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin batir. Ƙurarta tana shiga jikin yaro ta hannu da abinci, ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta cika warkewa ba.

Saboda haka ba a fasa mataccen batir a gida ko a harabar makaranta, ba a narka dalmarsa a tukunya domin yin nauyin koma ko harsashi, ba a zubar da ruwansa a lambu ko kusa da rijiya, ba a kuma mayar da kwandonsa mazubin ruwan kaji. A bar shi a tsaye da murafensa a rufe, a wurin da yara ba sa kaiwa, har ranar da za a kai shi ga dillalin da ke sayar da sababbi. Yawancin dillalan suna karɓar tsoho su rage kuɗinsa daga farashin sabo, kuma da kilo ake auna shi.